Tauren da Aka Saya Don Jegona

Ban taɓa yi wa wata dabba fatan mutuwa da zuciya ɗaya ba sai jan tauren Inna, kuma ban taɓa tsaya wa wata dabba a gaban manya ba sai shi. Inna kakata ce, mahaifiyar uwata. Ita ta yaye ni, daga yaye kuma ta riƙe. Iyayena suna Rabah suna aiko a mayar musu da 'yarsu, ita tana cewa gobe, har na yi aure goben ba ta zo ba. Gidanta yana wani ƙauye kusa da Taloka, inda ruwan dam ɗin Goronyo ya ratsa gonaki. A gidan akwai ita, da ɗanta da nake ce wa Kawu, da iyalinsa, sai kuma tauren.

Asalin tauren ni ce. Lokacin da na samu cikin fari ina koyar da ilimin halittu a wata kwaleji a Sakkwato. Rawar kai ta ɗebe ni, na bi dangi da waya ina shela tun abin bai kai ya kawo ba. Inna ta yi faɗa har ta gaji, ta ce ba a taɓa haihuwar marar kunya irina a zuri'arta ba, sannan ta aika kasuwar Goronyo aka sayo mata ɗan bunsuru ja, aka dandaƙe shi ya zama taure. Ta ce shi za a yanka mini ranar da na sauka, in sha romo jikina ya dawo. Cikin ya zube. Bayan shekara na sake samu, wannan karon na kama bakina rabi da rabi, shi ma ya zube. Ba wanda ya ce a yanka tauren, ba wanda ya ce a sayar, aka bar shi yana ta rayuwa.

Haka muka zauna ni da shi, kowa ya san matsayinsa. In na rasa, shi ya samu ƙarin kwana. In na samu, shi ke nan tasa ta ƙare. Kuma kamar ya sani, domin duk sa'ad da na zo gida sai ya tsaya nesa yana tuƙa, yana kallon cikina da gefen ido. Zan iya rantsuwa lissafi yake yi.

Dabbar da aka saya don wuƙa, wuƙar ba ta zo ba, lalacewa take yi. Tauren nan ya girma ya yi wuya, ya zama ba katangar da ta isa ta tare shi. Yana hawa murfin rumbu ya tsaya yana duban gari kamar shi ya kafa shi. Ya taɓa cinye rabin hular Kawu da aka kifa a kan turmi ta bushe. Ya san ƙarar injin ban ruwa, da an tayar da shi zai ɗaga kunne, don ya gane inda injin yake nan ne ɗanyen ganye yake. Yakan fita da hantsi ya dawo da la'asar yana warin albasa, ya kwanta a ƙofar ɗakin Inna ya lumshe ido, ita kuma ta ce da shi sannu da aiki.

A nan rigimar take. Tun kaka da kakanni, a ƙauyenmu damina ta manoma ce, rani na dabbobi. Da an yi shuka mai shela zai zaga gari ya ce kowa ya ɗaure dabbarsa, da an kwashe amfani a sake su su bi gonaki su ci kara da ganyen wake. Sai dam ya zo ya mayar da rani wata daminar. Lokacin da awaki suka saba da 'yancinsu, lokacin ne ake dasa albasa, masara tana leƙowa, dankali yana yaɗo. Mai shela ya koma zagayawa sau biyu a shekara. Kowa ya bi, ban da Inna. Da damina tana ɗaure tauren ba gardama, amma da rani ko igiya ba ta son gani. Ta ce dam ne ya zo ya iske awaki, ba awaki suka je suka same shi ba, saboda haka dam ɗin ya kamata ya yi haƙuri.

A cikin wannan hali na dawo gida da ciki na uku. Likita ya ce in huta, ya kuma gaya mini gaskiya cewa bai san abin da ya zubar da na baya ba, bai kuma yi alkawarin hutun zai hana komai ba. Maigidana ya ɗauko ni ya kawo ni wurin Inna, muka ce wa kowa hutun makaranta na zo. Wannan karon ban gaya wa ko bango ba. Ranar da na iso aka kawo tuwo da miyar kuka ta sha daddawa, ina buɗe kwano na ruga bayan ɗaki. Inna ta bi ni da ido. Washegari miyata ta zo ba daddawa, na kuma sami ƙullin tsamiya a gefen tabarmata. Daga ranar ta sani, na san ta sani, amma kalmar ba ta taɓa ratsa tsakaninmu ba. A wurinta bakina ne ya kori na farko, kuma ko da yake ban yarda da haka ba, ban da ƙarfin halin gwadawa.

Na zo da takardun karatun digirina na biyu, kuma abin da ke cikinsu shi ne abin da bai kamata mace a halina ta karanta ba. A cikin kowace ƙwayar jikinmu akwai dogon zare mai ɗauke da gadon halitta, shi ke cewa ga launin fatarka, ga yadda zuciyarka za ta ginu. A jikin zaren nan akwai wasu guntaye da ba su san komai ba sai kwafar kansu su dira a wani wuri na zaren. Ni 'yan tsalle nake ce musu. Ba kaɗan ba ne, kusan rabin zaren su ne ko ɓurɓushinsu, sai dai yawancinsu sun tsufa sun daina motsi. Waɗanda suka rage da ƙarfinsu, in ɗaya ya dira a tsakiyar wani umarni mai muhimmanci sai ya ɓata shi. Jikin babba ya san maganinsu. Yana liƙa musu wata 'yar alama, ya naɗe wurin da suke tamau, yadda ba a iya karanta su balle su motsa.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne kwanakin farko. Da ƙwan mace ya haɗu da irin namiji, sabon mahaluƙin yana goge yawancin alamomin da ya gada, don ya fara nasa rubutun daga fari. A cikin gogewar har da alamomin da ke riƙe da 'yan tsalle. Wato daidai lokacin da mutum bai wuce ɗigon tawada ba, bai da komai na kare kansa, lokacin ne ake sassauta wa ɓarayin gida igiya. Na san sarai wannan matakin ya wuce tun kafin in san ina da ciki. Na kuma san ba wanda ya ce mini su ne suka yi mini ɓarna a baya. Amma tsoro ba ya karatu. Ga shi takardun sun ƙara da cewa a makonnin da nake ciki ana sake wata gogewar, a ƙwayoyin da za su zama zuri'ar ɗan tayin shi kansa. Sai na zauna ina fargabar jikokina, alhali ko uwarsu ban gani ba.

Wata rana da hantsi Inna ta same ni a gindin bedi, wato dogon yaron da ke tsakar gida, na ɗaure fuska. Ta zauna da ƙwaryar wakenta tana tsinta.

Ta ce, "Mi kika karantawa haka, kin ɓata rai kamar an aiko miki da sammaci?"

Na gaya mata, iyakar yadda zan iya. Ta saurara tana tsintar wake. Da na zo wurin gogewar sai ta ɗago.

"To, wa ka kama su in an sake su?"

Na ce, "Akwai masu gadi, Inna. Wasu sun san kamannunsu, da sun gane guda sai su kira a naɗe wurin. Kuma uwa tana zuba wasu 'yan ƙananan saƙonni cikin ƙwai tun bai bar jikinta ba, masu hwaɗin ga siffar mai ɓarna, in kun gan shi ku rufe mishi baki. Ga ƙuda an gani sarai. Ga mutum ana nan ana bincike."

"Ƙuda," in ji ta. "Shekara nawa kina boko, ashe cikin ƙuda anka sa ki leƙe."

Ta yi dariya har waken ya zube. Can ta ce, ba ta kalle ni ba, "Uwa dai ta yi nata tun da wuri ke nan. To mi ar ruwanta da sauran? Ta ci abinci." Ta tura mini ƙwaryar, ta ce in ƙarasa tsintar tunda ido gare ni na ganin ƙananan abubuwa.

Ba a yi nisa ba tauren ya tafka wadda ta fi kowace. Ya shiga gonar maƙwabcin Kawu inda aka gama dashen albasa ke nan, ya tattake fangali bayan fangali, ya tsallaka ya aske wa Kawu sabuwar masararsa. Kawu ya gan shi, ya yar da fartanya ya bi shi. Kawu mutum ne mai jiki, rabonsa da gudu tun yana saurayi. Tauren ya ja shi har bakin babbar magudanar ruwa, ya tsaya kamar ya gaji, sai da Kawu ya miƙa hannu sannan ya daka tsalle ya dira a wancan gefen. Kawu ma ya daka nasa tsallen. Rabin hanya ya kai. Duk masu ban ruwa na wannan layin sun gani, har da masu wanki, kuma mutanen ƙauyenmu ba su iya riƙe dariya ba ko a gidan gaisuwa.

Ya shigo gida ruwa na ɗiga daga wandonsa, takalmi ɗaya a ƙafa. Ni ina zaune, na cusa bakin mayafina a baki, kafaɗuna suna rawa. Inna ta dube shi sama da ƙasa ta ce ai da ya faɗa wanka yake so da an ɗora masa ruwan zafi. Kawu ya wuce ɗakinsa. Ya canza kaya ya fita, da la'asar sai ga shi da mai unguwa.

Mai unguwarmu ƙanin marigayi kakana ne, saboda haka akwai wasa tsakaninsa da Inna, kuma yana shiga har tsakar gida. Aka shimfiɗa masa tabarma. Ni ina ƙofar ɗaki. Tauren kuwa ya hau turmin da aka kifa, ya zauna kamar shi ma an gayyace shi.

Mai unguwa ya ce, "Matata, ƙararki anka kawo."

Inna ta ce, "Ni ban da miji mai hurhura. Hwaɗi abin da ak kawo ka."

Ya faɗa. Mutane sun gaji. Mai albasa ya yi haƙuri saboda girmanta, amma ya ce in ya sake ganin tauren a gonarsa ba zai tambayi kowa ba. Saboda haka ɗayan biyu, ko a kai shi kasuwa ranar kasuwa mai zuwa, ko a yanka a raba wa maƙwabta su huce.

"A ɗaure shi mana," in ji matar Kawu daga madafa.

Kawu ya ce, "Wa ka ɗaure shi? Inna ta kwance. Ko ba ta kwance ba shi cinye igiyar." Ya juya ga Inna, ransa a ɓace, ya faɗi maganar da na tabbata bai auna ta ba. "Inna, don Allah mi a amfaninai? Abin da anka saye shi dominai ya wuce tun yaushe. Ajiyar mi kika yi?"

Maganar ta soke ni, ba zan ɓoye ba, har na ji hawaye sun taru. Kawu ba mugu ba ne, shi ya ɗauke ni a kafaɗa ya kai ni makaranta ranar farko. Namiji ne kawai da ya faɗa ruwa a gaban jama'a. Amma a bakinsa na ji abin da nake tsoron kowa yana faɗa a bayana, cewa ni an gama da babina.

Amsar kuwa tana nan, kalma biyu ce, kuma da an faɗe ta shari'a ta ƙare. Na dubi Inna, na ga leɓenta yana motsi. Matar da ba a taɓa kayar da ita a magana ba, ga ta da gaskiya a hannu, al'ada ta hana ta buɗe baki, tsoro kuma ya ƙara danne ta. Sai kawai ta ce, "Ba ni saida shi." Muryarta ba ta fita da ƙarfi ba. Na san in aka fita da tauren nan daga gidan, a wurinta an yanke ƙauna ke nan, kuma abin kunya, ni mai digiri, a wurina ma haka ne.

Mai unguwa ya ga abin zai yi tsami, ya waiwayo wurina. Yana da tabbacin 'yar boko bayan noman zamani za ta bi.

"Malama, ke mi kinka gani? Ku ad da ilimi."

Na gyara mayafi na ce, "Ranka shi daɗe, in ka yi mini izini in ba ku labarin abin da nika karantawa."

Ya ce bismillah. Da ya san abin da ya jawo wa kansa da bai ce ba. Ni malamar aji ce, an ba ni fili, ga ɗalibai a zaune ba su da hanyar gudu. Na fara tun daga ƙwaya. Na bi ta kan zare, na kawo 'yan tsalle, na zana musu a ƙasa da tsinke. Mai unguwa yana gyaɗa kai irin na wanda ya ɓata tun a kwanar farko. Kawu yana kallon sama yana neman agaji. Na ji daɗin azabtar da shi, kuma na ja abin da gangan.

Sannan na zo inda nake so. Na ce abin mamaki, jiki bai taɓa zama ya tsince su ya zubar ba. Ba ya iyawa, sun shiga ko'ina, in ya ce zai yanke su sai ya yanke kansa. Har ma akwai wani tsohon baƙo irinsu da jiki ya horar ya sa shi aiki, da taimakonsa ake gina mabiyiya, wadda ke ciyar da ɗa a ciki. Abin da jiki ke yi shi ne ya gane mai ɓarna, ya ɗaure shi tamau, ya rufe masa baki, musamman lokacin da ƙaramin abu yake ƙoƙarin kama ƙasa. Na ce ni ra'ayina ke nan a kan tauren. Kada a sayar, kada a yanka yanzu, kada kuma a sake shi. Na juya ga Inna na ce, "Inna, ki bari a ɗaure shi. Ni nir roƙe ki."

Ta harare ni, amma ba ta ce a'a ba.

Kawu ya ce, "To, mun ji wa'azi. Har yaushe za a yi ta ɗaurin? Ni ka nemo mishi abinci har tashin duniya?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Har tsakiyar damina, Kawu, in Allah ya yarda. Lokacin da gero ya rufe ƙasa. Daga nan ba sai an sake nemo mishi komi ba."

"Tsakiyar damina? Mi a haɗin..."

Bai ƙarasa ba. Kawu manomin albasa ne, ƙirga watanni a jininsa yake, daga ranar dashe ya san ranar cira. Na ga yatsunsa suna motsi a kan gwiwarsa. Ya dubi ƙullin tsamiyar da ke hannuna, ya dubi Inna, ya dubi ƙasa. Mai unguwa ya riga shi isa, tsoho ne mai 'ya'ya da jikoki. Ya yi tari, ya kama neman takalmansa alhali suna gabansa.

Ya ce, "To, ai magana ta ƙare. Malama ta kawo hujja daga littahi. A ɗaure shi. Mai albasa ni ka ba shi haƙuri." Ya miƙe, ya dubi Inna ya ce a hankali, "Allah shi kai mu daminar lahiya." Inna ta ce amin, ta ƙara da cewa ya fita mata daga gida tun bai cinye mata goro ba.

Ba wanda ya faɗi kalmar. Har aka watse ba wanda ya faɗe ta, kuma kowa ya fita da ita.

Kawu bai taɓa ba ni haƙuri da baki ba, kawunai ba sa yi. Washegari dai ya ƙi zuwa gona, ya kwaɓa ƙasa ya ja 'yar katanga a kusurwar gida, ya kafa turke, ya sayo sarƙa tunda igiya abincin tauren ce. Tauren ya haye katangar da sarƙar a wuya ya rataye, sai da aka ruga aka sauko da shi. Kawu ya ƙara tsayi, ya rufa saman da itace da zana. Daga nan kullum in zai dawo daga gona sai ya ɗauro ganyen dankali da harawa a bayan babur. Abin da tauren yake sata a da, yanzu mai gonar ke kawo masa har ɗaki, yana zaginsa yana zuba masa. Inna takan ja kujerarta ta zauna kusa da shi da rana tana ba shi labarin yadda duniya ta lalace, rani ya zama ba na kowa ba.

Ni ma nakan je. In ba kowa a kusa sai in tsaya in ce masa, ci ka ƙoshi, ka yi ƙiba, wannan karon ba ka da mafita. Wani lokaci ina faɗa ina dariya, wani lokaci kuma muryata ta karye, don ban san wanda zai ci nasara tsakanina da shi ba. Akwai ranar da na ga ɗan jini, aka ɗauke ni zuwa asibiti a Goronyo, Kawu yana tuƙa motar aro kamar ƙwai ya ɗauko. Aka duba aka ce ba komai. Da muka dawo na iske Inna ba ta ci abinci ba, tauren ma ba ta ba shi ba, wai ta ga yana murna da muka fita.

Na koma Sakkwato na ɗan lokaci, na dawo da cikin ya tsufa, lokacin ba sauran abin ɓoyewa, ko da yake Inna ta ci gaba da ce wa baƙi ƙiba na yi. Aka cire albasa, zafi ya zo ya wuce, ruwa ya sauka, mai shela ya zaga ya ce a ɗaure dabbobi. Inna ta leƙa ta gaya wa tauren cewa yanzu ɗaurinsa ya halatta.

Gero ya rufe ƙasa na haifi 'ya mace, da rana tsaka, a asibitin da aka ce mini ba komai. Tana da yatsu cif, da kunnuwa irin na Kawu, abin da har yau ban yafe masa ba. Da aka miƙo mini ita na daɗe ina duba ta. Duk abin da na karanta yana nan a cikinta, an kwance an sake ɗaurewa, ba da sanina ba, ba da taimakona ba, ina can ina rigimar akuya.

Ranar da muka dawo gida Kawu ya ɗauko wuƙa ya zauna a bakin dutse yana wasawa, yana gaya wa duk mai wucewa cewa yau zai rama wankan da aka sa shi. Amma da aka fito da tauren sai ya daɗe yana shafa masa wuya, har matarsa ta tambaye shi ko aski zai yi masa. Inna ta shige ɗaki ta saki labule, ta ce hayaƙi ke damun idonta, alhali ba a hura wuta ba tukuna.

Da yamma aka kawo mini romon a kwano, ya sha yaji da kanumfari. Inna ta zauna a bakin gado da jaririyar a cinyarta. Na ɗauki tsoka ɗaya na sa a baki. Wallahi kamar na ciji takalmin roba. An dafa shi tun azahar, itace ya ƙare, amma naman nan ko gezau. Na tauna, na juya shi wancan gefen, na sake taunawa, muƙamuƙina ya gaji.

Na ce, "Inna, wanga nama ba shi tauno."

Ta ce, "Ina shi ka tauno? Ɗan wata shida anka saye shi a yanka. Ke kinka tsaida shi shekara ukku." Ta gyara wa jaririyar zani, ba ta ɗago ba. "Ci abinki, ɗiyata. Ni ban da haƙora, kuma na daɗe ina jiran in ga kina cin shi."

Sai na ga ashe kuka take yi, hawayen suna sauka a kan zanin yarinyar. Ni ma nawa suka zubo. Na ci gaba da taunawa, ina kuka ina dariya, ban bar ko tsoka ɗaya a kwanon ba.